Hoto Talatin da Shida na Furen Yaya

Ranar da maigidana ya shigo da wata baƙar jaka mai warin daɗewa, yana tafe yana murmushi shi kaɗai, na san zaman lafiyar gidanmu ya tafi hutu. Tun da ya yi ritaya haka nake fama. Ya yi kiwon zomo, zomayen suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabta. Ya gyara mana fanka, yanzu sai an zungure ta da sanda take tashi. Mutanen layinmu Farfesa suke ce masa, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce, har wani jan "na'am" yake yi idan an kira shi.

Ya zazzage jakar a kan teburin falo. Kyamara ce ta ƙarfe, irin ta da mai cin fim, da gilashinta na gaba wanda ake murɗawa da hannu, nauyinsa ya kusa na dutsen guga. Wani tsohon mai hoto ne da ke rage tarkacen shagonsa ya ba shi, har da fim guda mai hoto talatin da shida.

"Maman yara, zo ki ga gilashi," ya ce, yana goge shi da gefen mayafina na fita unguwa. "Wannan ba irin na waya ba ne da ke yi wa mutum tunani. Kai za ka auna, kai za ka murɗa. Idan ba ka da ilimi, ko bango ba za ka iya ɗauka ba."

"To wa zai ɗauka mana da shi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Da furen Yayarki zan fara. Hoton da zan yi masa, idan ta gani sai ta kai hanci ta shinshina."



Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Wata abokiyar aikinta ta taɓa ba ta wata shuka mai kai irin na albasa, ta ce mata idan ta ga dama takan yi fure ɗaya tak, ja, ya buɗe da safe ya rufe kafin rana ta take, shi ke nan. Yaya ta shekara huɗu tana ba ta ruwa, ba ta ga komai ba sai ganye, har ta laƙaba mata suna Jan-rai. Da ciwo ya kwantar da ita, ta aiko min da tukunyar, ni ma na shekara uku ina yi mata bauta a ɗan lambun da ke tsakar gidanmu. A makon nan ne Jan-rai ta fitar da kara guda da ƙulli a kansa, Yaya kuma tana gadon asibiti, likita ya hana ta ko tashi zaune. Da na gaya mata a waya ta ce, "Ki ɗauko min hotonsa, ƙanwata. Ban sani ba ko zan kai na gaba."

Abin da nake so a duniya ke nan: hoto ɗaya, ko da da wayar hannuna ne.

"Waya?" maigida ya ce da na faɗa masa. "Shekara bakwai ana jiran fure, ki ɗauke shi da abin da yara ke ɗaukar kansu suna murguɗa baki?"

"Ka ɗauka da taka, ni ma in ɗauka da tawa. Ai ba faɗa."

"Sai na gama tukuna. Hasken waya yana firgita fure."

"A ina ka ji wannan kuma?"

"Ba ji na yi ba, sani na yi."

Akwai wata matsala da duk gidan muka sani, ban da shi. Maigida ba ya ganin nesa. Abu sai ya kawo shi kusa da hanci. Likita ya ba shi tabarau tun bara, yana nan cikin durowa, wai na tsofaffi ne. Sau biyu yana yi wa durom ɗin ruwa barka da yamma, ya zaci maƙwabcinmu ne. Ita kuwa kyamarar nan, sai ka leƙa ta wata 'yar taga a bayanta, ka yi ta murɗa gilashin har abin da kake so ya fito tas. Ya leƙa, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, duk dishi-dishi ɗaya yake gani.

"Ka sa tabarau ɗin mana," na ce.

"Gilashi a kan gilashi? Ƙwararru ba su dogara da ido, Maman yara, da awo suke aiki. Ga lambobi nan a jikinsa. Ka auna nisan abu, ka murɗa zuwa lambar, ka latsa. Lissafi ba ya ƙarya."

Ranar Asabar da sassafe na fito ba shuke-shukena ruwa, na tarar Jan-rai ta buɗe. Faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, ja wur, bakin-bakinsa a nannaɗe, tsakiyarsa da wasu siraran zare masu ɗauke da rawayan gari. Wallahi sai da na yi hawaye. Na juya zan ɗauko wayata, sai ga maigida a bakin ƙofa sanye da rigarsa ta zuwa taro, kyamara a wuya, kwandon wankina a hannu.

Ashe tun jiya ya bi layi ya gayyaci mutane. Tela da ke jikin gidanmu ya zo da tef ɗin awonsa. Nas, maƙwabciyarmu ta gaba, ta fito ko kallabi ba ta gama ɗaurawa ba. Direban da ke ƙarshen layi ya zo yana tambaya ko akwai abin taɓawa. Maigida ya tsaya a bakin lambu ya miƙa kwando, kowa ya jefa wayarsa, har da tawa. Ya kai ɗaki, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

"Farfesa, jarrabawa za mu rubuta ne?" in ji Direba.

"Darasi za ku ɗauka."

Ya zagaya furen sau uku yana ƙanƙance ido. Sai ya ce sauran furanni sun cika surutu a bayansa, za su raba hankalin gilashi. Kafin in ce uffan ya ɗauko almakashin Tela ya fille kawunan fararen furannina guda tara, ya ja tukwane huɗu gefe, ɗaya ta fashe. Na buɗe baki, na tuna Yaya, na haɗiye maganata. Na ce a raina in dai hoto zai fito, a fille har bishiyar gwabar.

Aka zo awo. Ya tsuguna, Tela ya ja tef daga furen zuwa kyamara.

"Inci talatin da shida," Tela ya ce. "Ƙafa uku cif."

"Uku," maigida ya maimaita, ya kawo gilashin dab da hancinsa yana neman lambar.

Tela ya leƙo ta kafaɗarsa. "Farfesa, ni fa na ga lambobin nan layi biyu ne, na sama farare, na ƙasa rawaya. Kamar tef ɗina, kowane gefe da awonsa. Wanne ne na ƙafa?"

"Tela, ka taɓa ganin na zo shagonka na ce ga inda za ka sa aljihu?"

"Kullum."

Nas ta ƙyalƙyale da dariya. Maigida ya ɗaga hannu. "Na sama na ƙwararru ne, na ƙasa na 'yan koyo. Uku dai uku ce." Ya murɗa zuwa farar ukun.

Don kada nisan ya canza, ya kawo wata dabarar da ya ce shi ya ƙirƙiro ta. Ya ɗaure bakin tef ɗin a gindin karan furen, ɗaya bakin kuma a babban yatsan ƙafarsa. Daga nan ba ya iya motsawa, sai ba da umarni, abin da dama ya fi ƙwarewa a kai.

"Maman yara, ɗauko farin zanin gado. Je can jikin katanga ki ɗaga shi a bayan furen. Ƙara matsawa baya. Ƙara. Yauwa. Ki ɗaga sama, kada fuskarki ta shigo ta ɓata min aiki."

Na ɗaga.

"Iska tana kaɗa shi. Direba, tsaya ta nan, kai ne mai faɗi. Nas, daina numfashi ta wannan gefen."

"Ta wane gefe zan yi, Farfesa?"

"Ki riƙe har na latsa."

Sai kuma ya ce fure ba raɓa kamar shayi ne ba sukari. Aka miƙo masa kofin ruwa, ya guntsa, ya fesa da baki irin na masu guga. Rabin ruwan ya tafi kan furen, rabi kan wandon Direba. Furen ya sunkuyar da kai saboda nauyi. Aka jira ya bushe. Da ya bushe ya ce raɓar ta tafi, ya sake fesawa.

Ƙas. Ya latsa na farko, ya ja wani ɗan hannu, ya sake. Ƙas. Duk latsawa ɗaya sai ya yi jawabi. Wai gilashin da, an haɗa shi da haƙuri. Wai a zamanin da ake ƙera irinsa, maƙerin sai ya yi kwana arba'in bai yi fushi ba. Rana tana ta ɗagowa. Hannuwana suka fara sagewa, zanin yana zamewa ƙasa a hankali, in ɗaga ya sake zamewa, har na gaji na bar shi a daidai haɓata. Tela da Nas suka gudo inuwar katanga kusa da ni. Direba ma ya bar aikin tare iska ya biyo su, yana miƙa hannu cikin bishiyar gwabata.

"Baban yara, ya isa haka," na ce. "Bakinsa ya fara nannaɗewa. Ba ni makullin in ɗauki ɗaya."

"Saura goma sha biyu. Kuma ba a gama hoton fure ba ƙudan zuma a kai. Duk manyan hotuna haka suke."

"Ina za mu samo maka ƙudan zuma, Farfesa?" in ji Tela. "Ko a aika masa da takardar gayyata?"

Maigida ya yi murmushin mai ilimi, ya ciro 'yar kwalbar zumar da nake ajiye wa tari daga aljihunsa. Ya ɗiga a tsakiyar furen. Ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara. Ragowar da ta ɓata masa yatsa ya shafe a goshi garin share gumi.

Tururuwa suka fara amsa gayyata. Sannan ƙudaje. Can sai ga ƙudan zuma ɗaya, ya yi shawagi, ya tafi ya kirawo danginsa.

"Kun gani?" maigida ya ce da raɗa mai ƙarfi. "Kowa ya yi shiru!"

Ƙas, ƙas, ƙas. Yana latsawa yana ja, yana ƙirgawa da baki. Talatin da huɗu. Talatin da biyar. Yana cewa talatin da shida, ɗaya daga cikin baƙin ya gano cewa zumar goshi ta fi ta fure sauƙin sha, ya sauka a fatar idonsa. Maigida ya kai masa mari. Shi kuma ya rama.

Ihun da ya yi sai da karen gidan Nas ya amsa. Ya yi tsalle baya, ya manta yatsansa a ɗaure yake. Tef ya miƙe, karan ya ce ɓas, furen ya taso sama ya faɗi a bayansa, shi kuma santsin ruwan da ya fesa ya kwashe shi, ya zauna daɓas a kai.

Da aka ɗaga shi, abin da ya rage na shekara bakwai yana manne a bayan rigarsa ta zuwa taro.

"Garin neman gira," Direba ya fara, Nas ta taka masa ƙafa.

Maigida yana riƙe da ido ɗaya da ya kumbura, ya ɗaga kyamarar da ɗaya hannun. "Kada kowa ya damu. Dama rufewa zai yi. Na ainihin yana cikin nan, sau talatin da shida."

Na shiga ɗakin girki na rufe ƙofa na yi kukana. Da Yaya ta kira da rana, na ce mata an ɗauka, an kai wanki. Ban iya gaya mata sauran ba.

Bayan kwana takwas aka sallami Yaya, ɗanta ya kawo ta gidanmu a mota, aka sauko da ita a keken marasa lafiya. Ta rame har sai da na kau da kai. Maigida kuwa ya shirya abin da ya kira baje koli. Ya jera kujeru a tsakar gida, ya kwashe kayan da na shanya ya bar igiyar da maƙalan shanya, ya gayyato layi gaba ɗaya har da waɗanda ba ma gaisawa sosai. Ya kuma gaya wa tsohon mai hoto ya kawo hotunan da kansa a rufe, don kowa ya gani lokaci ɗaya.

Tsohon ya shigo da ambulan a hannu yana ta sosa ƙeya. "Yallaɓai, da za mu ɗan keɓe, akwai maganar da…"

"Abin alheri ba a ɓoye shi. Tela, karɓi ka jera su a igiya."

Ya juya wa igiyar baya, ya fuskanci jama'a, ya gyara murya. Ya yi bayanin haske. Ya yi bayanin awo. Ya ce ko harbin da aka yi masa sadaukarwa ce, duk ƙwararre yana da tabo. Yana magana, mutane suna leƙen bayansa, wasu sun fara rufe baki da hannu. Tela yana maƙala hoto kafaɗunsa suna rawa.

"Yanzu, Yaya," ya ce, ya juya ya buɗe hannu, "ga furenki. Ku dubi jan nan!"

Ja kam akwai. A gaban kowane hoto akwai wani jan tabo, kamar an goga jan-baki a jikin madubi. Ba ganye, ba kara, ba ƙudan zuma. A bayan tabon kuwa, tas, har ana iya ƙirga gashin gira, ga ni nan. Kaina ya leƙo ta saman zanin gado, ina zabga wa mai ɗaukar hoton wata harara da ni kaina ban san ina da ita ba. Hoto na biyar, harara. Na goma sha biyu, harara da cije leɓe. Na ashirin, bakina a buɗe, kuma duk matar da ke wurin ta gane kalmar da nake faɗa. A na ashirin da bakwai Tela na hamma a gefena, Direba kuma kumatunsa cike da gwabata.

Direba ne ya fara fashewa, sai layi gaba ɗaya ya ɗauka.

"Me ake wa dariya?" maigida ya ce. Ya ciro hoto ɗaya, ya kawo shi dab da hancinsa. Ya daɗe a haka. Ya ciro wani. Ya ciro na uku.

"An musanya min fim," ya ce.

"Da matarka a ciki, Farfesa?" in ji Nas.

"To wankin ne ya lalace."

Tsohon mai hoto ya karɓi kyamarar daga wuyansa a hankali, ya duba. "Yallaɓai, da me ka auna?"

"Ƙafa uku cif. Ga shaida nan, Tela."

"To ai farar lambar nan ta mita ce. Ta ƙafa ita ce rawayar ta ƙasa. Ka auna ƙafa uku, ka gaya wa gilashi mita uku, kusan ƙafa goma ke nan. Shi kuwa ba ya gardama. Abin da ke ƙafa goma ya ɗauko maka."

"Ta 'yan koyon ce daidai ke nan," Tela ya ce, yana kallon sama.

Ni dariyar ba ta zo min ba. Na durƙusa a gaban keken Yaya na riƙe hannunta. "Yaya, ki yafe min. Bai fito ba. Kuma furen ya karye tun ranar, ko ɗaya ban samu na ɗauka ba. Na kasa gaya miki."

Ta ce a tura ta kusa da igiya. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta kai na ashirin. Sai ta fara dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ta kwanta, har tari ya sarƙe ta, ɗanta yana bubbuga mata baya.

"Shekara talatin ina cewa yarinyar nan ba ta da baki," ta ce tana share ido. "Ashe a ido ta ajiye shi. Ciro min wannan, a kan gadona zan rataye."

Maigida ya ga ƙofar kare kansa ta buɗe, ya yi wuf ya shiga. "Kun dai gani da idonku. Har ƙwayar idonta ta fito. Wace waya ce za ta yi wannan?"



Yaya ta ɗora hoton a cinyarta, ta shafa jan tabon da yatsa. Dariyar ta tafi daga fuskarta. Ta san shekarun da Jan-rai take ɗauka, ta kuma san abin da likita ya ce mata, ni ma na sani.

"Wane irin ja ne?" ta ce a hankali. "Faɗa min da baki, ƙanwata. Kada ki rage komai."

Ta rufe ido. Na fara gaya mata faɗinsa, da yadda bakinsa ya nannaɗe, da siraran zaren tsakiya. Nas ta ce ƙamshinsa bai da ƙarfi, sai ka matso. Tela ya ce a duk yadin da ya taɓa yankawa bai ga irin jan ba, can ciki ya fi duhu, yana fitowa waje yana haske. Yaya tana gyaɗa kai.

"A gaskiya," maigida ya sako baki, ya ɗaga yatsa, "a ilimance ba ja ake ce masa ba, asalinsa…"

Na juyo na yi masa harara irin ta hoton, ido da ido, a kusa inda yake gani sarai. Ya tsaya da yatsa a sama. Ya sauke shi, ya jawo kujera ya zauna.

"Ci gaba," Yaya ta ce, idonta a rufe. Na ci gaba.